Ciwo Mai Naci da Hanyoyin Maganinsa



Wannan lacca a kan ciwon da ya ƙi tafiya take, watau irin zafin nan da ke zauna wa mutum a baya, ko a gwiwa, ko a kai, ko a tafin ƙafa, wata da watanni, har shekara da shekaru. Mai shi ya sha magani har ya gaji, a kai shi asibiti a auna shi a ce ba a ga kome ba, alhali kuwa shi bai daina ji ba. Likitoci sun ajiye iyaka a kan wata 3: duk zafin da ya zarce haka, ko yake tafiya yana dawowa har ya wuce wannan lokaci, sun sa shi a aji dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shigar da shi haka cikin babban littafinta na jerin cututtuka, bugu na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022. Shi ne za a riƙa kira ciwo mai naci. Tun daga tushe ya sha bamban da zafin yanka ko na ƙuna, don haka maganin da ke kashe wancan sau da yawa ba ya taɓa wannan, wani lokaci ma ƙara shi yake yi.

Da farko dai ya kamata a ba ciwo hakkinsa. Bahaushe ya ce jiki magayi, zafi kuwa shi ne harshen da jiki ke magana da shi. Wanda ya taka ƙaya yakan ɗage ƙafa tun bai san abin da ya taka ba. Wanda ya karye yakan bar hannun wuri ɗaya har mai ɗori ya zo. Mai son ya ga abin da ke samun wanda aka ɗauke wa wannan ni'ima, sai ya dubi masu cutar kuturta. An daɗe ana zaton cutar ce ke cinye yatsu da kanta. Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, shi ya nuna cewa yawancin ɓarnar daga rashin jin zafi take. Ƙwayar cutar ta kashe jijiyoyin ji, mutum ya sauke tukunya daga wuta bai san ya ƙone ba, ya yi tafiya a kan gyambo bai ji ba, miki ya ruɓe, yatsa ya gutsure a hankali. Irin zafin da kutare suka rasa mai gadi ne, yana da aiki, kuma yakan tafi idan aikin ya ƙare.

Yadda aka fahimci ciwo

Shekaru wajen 300 masana suna bin bayanin René Descartes, wani masani Bafaranshe, wanda aka buga bayan rasuwarsa a ƙarni na 17. Shi ya kwatanta yaro da ƙafarsa kusa da wuta: wuta ta ja wani zare daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake jan igiya a buga ƙararrawa. In haka ne, girman zafi daidai yake da girman rauni, kuma in an yanke igiyar ƙararrawa ta yi shiru. Bayani ne mai sauƙin ganewa, shi ya sa har yanzu mutane da yawa, da masu ilmi da marasa shi, a kansa suke.

Amma abin da likitoci suke gani da idonsu ya ƙi yarda da shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya tambayi sojoji 215 da suka yi munanan raunuka a fagen fama a Italiya, ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu ba su nemi maganin zafi ba, ko da aka yi musu tayi. Ya buga wannan a 1946. Fassararsa ita ce, ga sojan da aka fitar daga bakin daga, rauni ya zama alamar tsira. A ɗaya gefen kuma ga mutumin da aka yanke wa ƙafa, wanda shekara ta kewayo yana kuka da babban yatsan ƙafar da aka riga aka binne. Babu igiya, amma ƙararrawa na bugawa.

A nan akwai ɗan tarnaƙi a harshe. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma fararen zaruruwan da ke kai saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Waɗannan na ƙarshe ake nufi a duk inda aka ce jijiyoyin ji.

A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka fito da bayanin da ya sauya wannan fanni. Suka ce saƙon rauni ba ya wucewa kai tsaye, akwai wata ƙofa a cikin lakar gadon baya wadda ake iya buɗewa ko a tura. Saƙon taɓi da na shafa yana tura ƙofar, wanda shi ne dalilin da ya sa uwa ke murza wa yaro goshi in ya bugu, kuma da gaske zafin ke raguwa. Ita ma ƙwaƙwalwa tana aiko da umurni daga sama. Tsoro, da damuwa, da rashin barci suna buɗe ƙofar. Natsuwa, da shagala cikin aiki, da amincewa cewa babu haɗari suna tura ta. Shekara 10 bayan haka, a 1975, John Hughes da Hans Kosterlitz a Jami'ar Aberdeen suka gano cewa jiki na yin sinadarai nasa na kansa masu aiki irin na mofin. Sa'an nan a 1983 Clifford Woolf ya nuna abin da ya fi kome muhimmanci ga wannan lacca: idan saƙon ciwo ya yi ta zuwa babu ƙaƙƙautawa, jijiyoyin laka su da kansu suna sauyawa, su zama masu saurin firgita. Daga nan ɗan taɓi sai ya zama zafi, ɗan zafi ya zama azaba, ko da raunin farko ya warke sarai. Misalinsa kamar karen gida ne da ɓarayi suka taɓa firgitawa, ya koma yin haushi ko iska ce ta kaɗa ganye. Haushin gaskiya ne, kowa na jinsa, amma babu ɓarawo.

Saboda wannan ne Ƙungiyar Duniya ta Nazarin Ciwo, da ta sabunta ma'anar ciwo a 2020, ta bayyana shi a matsayin abu mara daɗi da mutum ke ji a jiki da kuma a rai, wanda kan zo tare da rauni, ko ya yi kama da na rauni ko da babu shi. Ta kuma ce a girmama abin da mai ciwo ya faɗa. Babu na'urar da ke auna zafi kamar yadda ake auna zazzaɓi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan magana tana da nauyi a ƙasar Hausa, inda ake yabon dauriya, ake kuma kunyata mai raki. Dauriya hali ne mai kyau, amma tana da tsada. Takan sa dattijo ya ɓoye ciwo har sai ya kayar da shi, takan kuma sa a ɗauki wanda ya faɗi nasa a matsayin malalaci. Ma'aikacin da ya kawo takardar likita sau uku a kan ciwon baya, ga shi kuma ana ganinsa yana tafiya da ƙafarsa, ya san irin kallon da ake yi masa a ofis.

Iri-irinsa, da abin da hoto ba ya nunawa

Wani ciwo mai naci daga nama ko gaɓa yake, kamar amosanin gaɓɓai da ke kama gwiwar tsofaffi. Wani daga lalacewar jijiyoyin ji ne, kamar na mai ciwon sukari da ke jin tafin ƙafarsa na ƙuna da dare, ko yana sukarsa kamar allura, alhali wurin ya yi dindiris. Wani kuma daga firgitar nan ta laka da ƙwaƙwalwa ne, ba tare da an ga wata ɓarna da ta kai girman zafin ba. Sau da yawa sukan haɗu a jikin mutum ɗaya. Hausa na da arzikin kalmomi a nan: zogi, raɗaɗi, suka, sara, tsami, murɗa, ƙuna. Likitan da ya saurari wadda majiyyaci ya zaɓa ya riga ya yi rabin bincike, domin zogi da kumburi wata hanya suke nunawa, ƙuna da suka wata.

Ciwon ƙugu da ƙasan baya ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne abokin zaman mai aikin tebur, da direba, da manomi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma babu abin da ya kai shi nakasa mutane a duniya. A cikin kowane 10, kusan 9 ba a iya nuna wani takamaiman ƙashi ko jijiya a ce ga mai laifin. Mutane kan sayar da kadara don a ɗauki hoton bayansu, suna zaton amsar na can. Amma a 1994 wasu likitoci a Amurka suka ɗauki hoton bayan mutum 98 waɗanda babu abin da ke damunsu, da na'urar MRI, suka tarar fiye da rabinsu faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya turo waje. Kashi 36 cikin 100 ne kawai hotonsu ya fito babu tabo. Yawancin abin da hoto ke nunawa furfura ce ta cikin jiki. Illar kuwa ita ce, wanda aka gaya wa cewa bayansa ya lalace yakan ji tsoron sunkuyawa, ya daina motsi, tsoka ta saki, tsoro ya buɗe ƙofar nan ta laka, ciwo ya ƙaru.

Duk da haka akwai alamun da ba a wasa da su. Ciwon da ya zo da rama, ko zazzaɓi da gumin dare, ko raunin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko wanda ya fara bayan faɗuwa, ko ya kama wanda ya taɓa yin ciwon daji, lalle ne a kai shi asibiti da gaggawa. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana warkewa in an gano shi da wuri.

Magani

Tambayar farko da ta kamata a yi wa mai ciwo mai naci ita ce: me ciwon ya hana shi yi? Wani sujada ya hana shi, wata daka, wani zama a aji. Daga nan ake ɗaura niyya, domin a yawancin lokuta abin da ake iya samu shi ne raguwar zafi da komawa harkokin rayuwa. Wanda ya yi alkawarin tumɓuke ciwon shekara goma da allura ɗaya, ciniki yake yi.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne motsa jiki, ko da yake shi ne majiyyata suka fi ƙi. Dā can akan kwantar da mai ciwon baya mako biyu a gado, yanzu an san wannan jinkirta sauƙi yake yi. Tafiya a ƙasa, da miƙe gaɓɓai, da ƙarfafa tsokar cinya ga mai ciwon gwiwa, da rage ƙiba in akwai, duk suna aiki. Sirrin yana ga awo. Mai ciwo kan tashi wata rana ya ji dama-dama, ya yi aikin kwana uku a wuni ɗaya, ya kwanta mako guda, ya ce motsi ne ya cuce shi. Dabarar ita ce ya fara da abin da zai iya ko a mummunar rana, in tafiyar minti 10 ce to ita, ya riƙe ta kullum, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan ƙaruwar zafi bayan motsi ba alamar sabon rauni ba ne.

Barci da halin zuciya su ma cikin magani suke. Ciwo na hana barci, rashin barci na ƙara ciwo, baƙin ciki ya shigo ya ɗaure su biyun. Akwai hanyar da masana halayyar ɗan Adam ke bi su koya wa mutum ya gane tunanin da ke ƙara masa tsoro, ya kuma sauya shi, kuma an ga amfaninta. Tura majiyyaci wurinsu ba yana nufin an ce ƙarya yake yi ba. John Bonica, likitan da ake ɗauka uban wannan fanni, tun a 1960 ya kafa asibitin ciwo a Jami'ar Washington da ke Seattle, inda likitoci na fannoni dabam-dabam ke duba mutum ɗaya tare. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 kan ciwon baya mai naci, ilmantar da majiyyaci, da motsa jiki, da tausa, da wannan gyaran tunani ne ta sa gaba. Ta kuma hana dogaro da ɗamarar baya, da jan baya da na'ura, da magunguna dangin mofin.

Tausa da gashi da ruwan ɗumi, waɗanda kowane gida ya sani, suna ba da sauƙi na ɗan lokaci, kuma bayanin ƙofar laka ya nuna dalili. Ƙaho da tsaga kuwa, kome ra'ayin mutum a kansu, askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko cutar ƙanjamau.

Sai ƙwayoyi. Parasitamol ya fi sauran sauƙin haɗari, amma iyakarsa ga babba mai lafiya giram 4 ne a wuni da kwana, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wuce haka na lalata hanta. Asfirin, da ibuprofen, da diclofenac dangi ɗaya ne. John Vane ya gano a 1971 cewa suna aiki ne ta hana jiki yin wasu sinadarai da ake kira prostaglandin, masu kawo kumburi da zafi. Matsalar ita ce waɗannan sinadarai su ne kuma ke kare bangon ciki, suke taimaka wa jini ya ratsa ƙoda. Lebura ko manomin da ke wuni cikin rana, ga ƙishirwa, ya dawo ya sha biyu ko uku daga wannan dangi a kan yunwa, kullum, shekara da shekaru, yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa. Mafi muni shi ne haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda a wani kemis ko a bakin tasha, ƙwayoyi kala-kala babu suna. Akan sami dexamethasone ko prednisolone a ciki. Su kan sa mutum ya ji garau har ya yi ƙiba, a bayan fage kuwa suna tayar da sukari da hawan jini, suna rarake ƙashi.

Ciwon jijiyoyin ji ba ya jin waɗannan. Magungunansa wasu ne da asali aka yi su don ciwon damuwa ko farfaɗiya: amitriptyline, da duloxetine, da gabapentin, da pregabalin. Ana farawa da kaɗan, a jira makonni kafin a yanke hukunci. Kada kuma a zuzuta su. Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya nuna cewa sai an ba mutum 4 zuwa 8 kafin a sami ɗaya da zafinsa ya ragu da rabi saboda maganin.

Kurakurai biyu game da mofin da danginsa

Tun da Friedrich Sertürner ya tace mofin a Jamus a farkon ƙarni na 19, ba a sami abin da ya kai shi da danginsa kashe matsanancin zafi ba. Duniya ta yi kuskure iri biyu a kansa, kuma Nijeriya ta ɗanɗana kowanne.

Na farko shi ne sakaci. A Amurka, bayan fitowar OxyContin a 1996, aka yi ta rubuta wa masu ciwon baya da na gaɓɓai irin waɗannan ƙwayoyi, bisa da'awar cewa ba safai suke kama mutum ba. Kamfanin Purdue Pharma da ya yi shi ya amsa laifi a kotu a 2020. A 2021 kaɗai mutum fiye da 80,000 suka mutu a ƙasar ta hanyar wannan dangi, da na asibiti da na bayan fage. Abin takaici, da aka gwada su shekara guda a kan tsofaffin sojoji 240 masu ciwon baya, ko gwiwa, ko ƙugu, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna ba su fi magungunan yau da kullum amfani ba. Jiki kan saba da su, a ƙara yawa, a wasu mutane ma su ƙara firgita jijiyoyi. A Nijeriya abin ya zo ta tramadol da ruwan tari mai kodin. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da ruwan tari mai kodin a watan Mayu na 2018, kuma binciken da aka gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan magunguna dangin mofin ba bisa umurnin likita ba. Ba duka ne suka fara don nishaɗi ba. Akwai wanda ciwon jiki bayan wahalar wuni ne ya kai shi.

Kuskure na biyu shi ne rowa, kuma shi ba a cika maganarsa ba, don waɗanda yake ci ba su da ƙarfin yin kuka a bainar jama'a. Wani kwamiti na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ƙasa da kashi 1 cikin 100 suke samu na mofin da ake rarrabawa. Mai ciwon daji da ya ci ƙashi ba ya buƙatar wa'azin motsa jiki, mofin yake buƙata, a kan lokaci, ta baki, kafin zafin ya dawo. Wannan shi ne darasin Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, kuma a kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina matakanta uku na maganin zafin ciwon daji a 1986.

Masu amosanin jini, watau sikila, sun faɗa tsakanin kurakuran biyu. An ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya. Idan ciwon ya tashi, jini ya toshe a ƙananan hanyoyi, zafin na cikin mafi tsanani da ɗan Adam ya sani, kuma yana buƙatar magani mai ƙarfi nan take. Amma saurayin da ya iso asibiti da tsakar dare yana kiran sunan allurar da ta saba yi masa aiki, sau da yawa kallon mashayi ake yi masa. In an kore shi sai ya koma yi wa kansa allurar pentazocine a gida, wadda ke kama mutum, ta kuma bar masa gyambo da sandararriyar tsoka. Alhali tun 1995 aka tabbatar cewa hydroxyurea na rage yawan tashin ciwon da kusan rabi ga manya, ƙwaya ce kuwa da ake sha a gida bisa kulawar likita.

Ƙasar Yuganda ta nuna cewa talauci ba hujja ba ne. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda, aka fara haɗa ruwan mofin mai araha daga garinsa, ana zubawa a kwalba ana kai wa majiyyata har gida. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta, ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, saboda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Abin da aka yi aikin ofis ne: wani ya rubuta daftarin doka, wani ya sa kuɗin garin mofin cikin kasafi, wani ya tsara littafin da ake rubuta kowace kwalba da sunan wanda ya karɓa.